Darasi na Tara: Tsohon Injin Jirgin Ruwa, Riƙonsa da Sayensa

Ƙasarmu tana tsakanin gulabe biyu. Gulbin Rima yana gangarowa ta Goronyo da Wurno, Gulbin Sakkwato kuma yana bi ta Rabah, su haɗu a kusa da birnin Sakkwato. Kowannensu an tare shi da madatsa: Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tun 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima, wadda aka gama a 1984, mai iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Da rani yaro ma yana ƙetare wasu mashigai da ƙafa. Amma daga Agusta zuwa Satumba, in ruwa ya cika fadama, manomin Maikujera da gonarsa ke ƙetare, da mai albasa da ke son kasuwa, da mai naƙuda da ake son kai wa asibiti, duk jirgi suke jira. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumban 2010 ba sa bukatar a ba su labarin ƙarfin wannan ruwa. A watan Agustan 2025 ma wani jirgi cike da masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife, gidaje da yawa suka shiga makoki.

Saboda haka injin jirgi ba kamar injin niƙa ba ne. Injin niƙa in ya mutu, mata su ɗauki hatsinsu su koma gida. Injin jirgi in ya mutu a tsakiyar igiyar ruwa, jirgin sai ya juya gefe ya ba ruwa haƙarƙarinsa, ga kaya, ga mutane. Mafi yawanmu kuma ba mu da kuɗin sabo, sai tsoho. A wannan darasi za mu koyi yadda ake riƙe tsohon inji ya daɗe, da yadda ake gane wanda ya cancanci a saya. Abin da nake so ya zauna muku tun yanzu shi ne: yawan shekaru ba ya kashe inji kamar yadda mugun riƙo yake kashe shi. Wanda zai sayi tsohon inji, riƙon da aka yi masa yake saye.

Injin ciki da injin rataye

Jiragen wajenmu da yawa har yanzu da gora da filafili ake tuƙa su. Masu inji kuma galibi na rataye gare su, wato wanda ake maƙalawa a bayan jirgi, inji da giya da farfela duk a jiki ɗaya, irin Yamaha mai doki 15 ko 25 ko 40, mai shan fetur gauraye da baƙin mai. Injin ciki shi ne wanda ake girkewa a cikin jirgi a kan katakai masu ƙarfi, doguwar sandar ƙarfe ta fita ta ƙasan jirgin ta juya farfela. Galibi gas yake sha. Shi ake gani a manyan jiragen dakon kaya, irin waɗanda ke zirga-zirga a Kogin Kwara tsakanin Mopti da Tumbutu a ƙasar Mali.

Kada wani ya ce to ina ruwanmu da shi. A Bangaladash, ƙasar fadama da shinkafa kamar tamu, tun shekarun 1980 manoma suka fara cire ƙaramin injin gas na ban ruwa suna girka shi a jirgi in damina ta faɗi, da rani kuma su mayar da shi gona. Wannan dabara ta canza sufurin ruwa a ƙasar baki ɗaya. Irin wannan inji mai silinda ɗaya, ɗan Caina, shi ne muke gani a wuraren niƙa da casar shinkafa a Wurno da Acida. Akwai kuma Lista na Ingila, wanda aka fara ƙerawa wajen 1930, har yau ana ƙera kwafinsa a Indiya. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk mai jirgi yana lissafin abin da injinsa ke sha, kuma injin gas mai tafiya a hankali ya fi na rataye tattalin mai nesa ba kusa ba. Don haka za ku ƙara jin dillalai suna tallar tsohon inji su ce a sa a jirgi. Gara ku san abin da za ku duba.

Ruwan gulbi

A nan za mu daɗe, domin a nan mafi yawan injuna suke mutuwa.

Mota tana da lagireto, ruwanta ɗaya yake zagayawa. Injin jirgi kuwa ruwan gulbi yake zuƙa ya huce da shi, sannan ya fitar. Abin da ke zuƙo ruwan wata ƙaramar roba ce mai fukafukai a cikin famfo, girmanta bai kai tafin hannu ba. Ruwan ne yake jiƙa ta yana sanyaya ta. In aka tayar da inji a tudu babu ruwa, ko da na rabin minti ne, fukafukan suna iya ƙonewa. Mai injin ba zai gani ba, sai ranar da ya ɗauki kaya injin ya ɗau zafi a tsakiyar gulbi. Sau da yawa kuwa a wajen gwaji ake yin wannan ɓarna: mai saye ya ce a tayar ya ji ƙara, a tayar a ƙofar gida. Kada ka yarda a yi maka haka, kai ma kada ka yi wa wani. In na rataye ne, a tsoma ƙafarsa cikin duro cike da ruwa tukuna.

Dubi ruwan Rima a watan Agusta. Ja ne, domin yashi da laka yake ɗauke da su tun daga Zamfara da Katsina da Maraɗi. Wannan yashi yana cin robar, yana cin gidan famfon, yana kwanciya a hanyoyin ruwa na cikin inji har su toshe. Littafin kamfani yana iya cewa robar za ta yi shekara biyu ko uku. A ruwanmu, canza ta duk shekara kafin damina, ka ajiye tsohuwar a jirgi in ba ta tsage ba. In ka cire ta ka ga fiffike ɗaya ya gutsure, kada ka sa sabuwa ka rufe. Nemi gutsuren, domin yana can cikin bututu ya tare hanya.

Mai jirgi na ƙwarai, da ya tayar da inji, bayansa yake fara kallo kafin gabansa. A injin rataye akwai siririn ruwa da ke tsartowa daga gefe. A injin ciki ruwan yana fita tare da hayaƙi ta salansa. In bai fito ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a kashe. In yana fitowa amma ya yi rauni, a duba bakin da ke shan ruwa, domin leda da kainuwa da ciyawa suna manne masa. Injin ciki yana bukatar rariya a kan hanyar ruwan, wadda za a buɗe a wanke kullum. Kuma a guji ba inji wuta sosai a wurin da ruwa bai kai gwiwa ba: farfela tana tayar da yashi, famfo yana shanye shi.

Akwai wani abu da wasu makanikai ke yi wanda nake roƙonku ku hana. Cikin inji akwai ɗan ƙarfe mai buɗewa da rufewa da kansa don daidaita zafi. In inji ya fara zafi, sai su cire shi su yar, su ce ƙasarmu ba ta sanyi. Alhali ciwon yana famfo ko a toshewar hanya. Injin da aka cire wa wannan abu ba ya kai zafin da ya dace da aikinsa, sai ya riƙa tara baƙin toka a ciki, yana shan mai fiye da kima, ringinsa su ci da wuri. In ya lalace, a sa wani.

Mai, baƙin mai da iska

Man da muke saye a galan a bakin hanya ba ya rasa ruwa da datti. Nozul da famfon gas kuwa an ƙera su ne da matsi ƙwarai, ɗan ruwa kaɗan yana sa su tsatsa, kuma su ne mafi tsada a jikin injin. Maganin ba shi da wuya. Ka bar galan ya kwana a ajiye, ruwa da datti su kwanta, ka tsiyaye na sama ta cikin tsumma mai tsabta, ka bar na ƙasan. In da hali, sa matatar mai mai gilashi a ƙasa, wadda ake ganin ruwa in ya taru a zubar. Tanki kuma a riƙa barinsa a cike, domin wanda yake rabi yana yin gumi a ciki da dare.

Mai injin rataye ya auna gaurinsa, kada ya yi da ka. Yawancin irin waɗannan injuna kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na baƙin mai, wato jarka mai lita 20 tana cin mililita 400. Ka duba abin da aka rubuta a jikin naka. In man ya yi kaɗan, fistin ya kama. In ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa tari. Kuma man gauri daban yake da baƙin man mota.

A injin gas, duba sandar baƙin mai kowace safiya kafin tayarwa. Canza shi bayan kamar awa 100 zuwa 150 na aiki, yana da ɗumi, tare da matatarsa. Wanda yake aiki awa biyar a rana, kenan duk sati uku zuwa wata ɗaya. Tunda yanzu kun iya rubutu, ku sayi ƙaramin littafi ku riƙa rubuta ranar da aka canza mai, da ranar da aka sa roba, da abin da aka kashe. Ranar da za ku sayar da injin, wannan littafi zai ƙara masa kuɗi. Tsohon baƙin mai kuma kada a zuba shi a gulbi. Ruwan da Sarkawa ke kamun kifi ne, shi dabbobi ke sha, shi ake ba albasa.

Matatar iska a wanke ta ko a kakkaɓe ta, musamman in inji ya sha ƙurar hunturu.

Sanda da farfela

Wannan ya shafi injin ciki. Wurin da sanda take huda jirgi ta fita, an cushe shi da igiya mai giris don tare ruwa. Ƙa'idarsa ita ce ya riƙa ɗigo kaɗan-kaɗan in sanda tana juyawa, ya tsaya in an kashe. In ka ɗaure shi tam har ba ya ɗigo ko kaɗan, zai yi zafi ya ci sandar. In yana zuba, jirgi zai kwana yana shan ruwa. Sandar da bakin giya kuma dole su kalli juna daidai. Jirgin katako yana motsi: ya kumbura da damina, ya motse da rani. Saboda haka saitin bara ba lallai ya yi bana ba. Alamar kaucewa ita ce jijjiga, da notocin gindin inji da ke yawan kwancewa. Jijjiga kuwa tana sassauta ƙusoshin jirgin kansa.

A kowane irin inji, a riƙa duba bayan farfela. Zaren koma da na fatsa suna naɗewa a can, su yanke robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga giya.

Abu biyu na tsaron rai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Shi ya sa ban ba kowa shawarar girka injin fetur na mota a cikin jirgi ba. Na biyu, a rufe fambel da babbar ƙafar inji da mahaɗar sanda da akwatin katako. Jirginmu yana ɗaukar mata masu mayafi da maza masu babbar riga da yara masu ƙiriniya.

Ajiyar rani, da injin da ya nutse

Injin da ya yi wata bakwai a jingine a zaure yana lalacewa fiye da wanda yake aiki. Fetur ya bushe a kafireto ya zama danƙo, ruwa ya kwana a ciki ya yi tsatsa, zanzaro ya gina ɗaki a ramin ruwa, ɓera ya ci waya. Kafin ajiya a wanke hanyoyin ruwa da ruwan rijiya, a canza baƙin mai, a tsiyaye kafireto, a ɗiga ɗan mai ta ramin fulogi a juya, a toshe salansa da bakin iska da tsumma, a ajiye a inuwa. Duk wata a juya shi da hannu. Na rataye a tsaye ake ajiye shi.

In kuwa inji ya faɗa ruwa, kada a yi gaggawar tayarwa. Ruwa ba ya matsuwa. In yana kan fistin aka tilasta, sandar fistin za ta lanƙwashe. A cire fulogi ko nozul, a juya da hannu ruwan ya fita, a zubar da mai da baƙin mai duka, a sa sabo, a tayar a ranar, sannan a sake canza baƙin man. Injin da aka tsamo aka bari ya yi kwana uku, tsatsa ta riga ta shiga.

Ranar saye

Wanda zai sayi sa a kasuwar Acida ba ƙahonsa yake kallo ba, bakinsa yake buɗewa ya ga haƙora, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Haka za ka yi wa inji. Sabon fenti ba hujja ba ce, sau da yawa ma alama ce ta abin da ake son ɓoyewa. Na fi natsuwa da inji mai tsohon fenti, busasshe, wanda notocinsa ba su sha guduma ba.

Kafin ka taɓa injin, tambayi kanka: ana samun kayan gyaransa a Sakkwato ko Kano? Akwai makaniken da ya san shi tsakanin Rabah da Wurno da Goronyo? In amsar a'a ce, juya ka tafi, komai kyansa. Akwai injunan Turai masu inganci da ake shigowa da su ta Kwatano waɗanda kamfaninsu ya daina yin kayansu. Irin wannan, ranar da roba ɗaya ta tsage, ya zama ƙarfen awo.

Sai ka zauna da mai shi, ba dillali kaɗai ba. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambaye shi cikin ladabi: "Baba, tun yaushe yake hannunka? Wa ke gyara maka shi? An taɓa buɗe kansa? Ya taɓa faɗawa ruwa? Me ya sa za ka rabu da shi?" Wanda ya riƙe injinsa da kyau zai amsa ba tare da inda-inda ba, har ya gaya maka halin injin: "Ɗana, da sanyin safiya sai ka yi masa haƙuri kaɗan." Wanda ya ce maka injin shekara goma ba a taɓa sa masa sifana ba, ko dai bai faɗi gaskiya ba, ko kuwa bai kula da shi ba. Daga nan ka je wurin makaniken da aka ambata, da Sarkin Ruwan mashigin da jirgin yake aiki. Su sun san sau nawa aka jawo shi da igiya.

Ranar gwaji ka zo da naka makanike, ka biya shi ladansa ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya sa rai da ciniki. Ku iso bayan sallar asuba, ka ɗora hannu a jikin injin. In da ɗumi, an riga an tayar da shi don ya ɓoye rauninsa. Ka ce za ka dawo gobe. Injin gas ba shi da fulogi, matsin iska ne yake kunna man. Mai lafiya yana kamawa da wuri ko da sanyi. Wanda sai an daɗe ana murzawa, ko an kara masa wuta ko an fesa masa fetur a bakin iska, matsinsa ya tafi. In mai hannun murzawa ne, juya shi a hankali ba tare da ɗaga maɓallin sassauta matsi ba: mai ƙarfi zai tokare ya ƙi wucewa. Ka riƙe hannun da babban yatsanka a gefe ɗaya da sauran, domin in ya mayar yana karya yatsa.

Kafin a tayar, zaro sandar baƙin mai. Baƙi ba laifi ba ne a injin gas. Abin tsoro shi ne mai launin shayi da madara, wato ruwa ya shiga. Murza shi tsakanin yatsu a rana. In yana ƙyalli, ƙarfen ciki ne yake cinyewa. In ya yi kauri kamar zuma, wataƙila an zuba mai nauyi ne don a danne ƙara. In kuma sabo ne fil a ranar ciniki, tambayi dalili. Haka za ka yi wa man giya.

Da ya tashi, kalli hayaƙi. Baƙin hayaƙi mai ne da bai ƙone ba: ko matatar iska ta toshe, ko nozul ya lalace, ko farfela ta fi ƙarfin injin. Wannan yana gyaruwa. Shuɗin hayaƙi a injin gas baƙin mai ne yake ƙonewa, ringi ko silinda sun ci, aiki ne babba. A injin gauri kuwa ɗan shuɗi ba komai ba ne. Farin hayaƙi mai warin gas da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, rashin matsi ne ko nozul. Fari mai ɓacewa nan da nan tururi ne, ruwa ya yi kaɗan ko gaskit ya ƙone. Sannan kwance murfin da ake zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin. In yana rawa yana tsalle, hayaƙi na bulbulowa, wuta tana tsallake ringi. Saurari ƙara kuma. Ƙaramin ƙyas-ƙyas a sama saitin bawul ne, abu mai sauƙi. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in an ba shi wuta, injin yana gab da bugawa.

A injin rataye makanike ya auna matsin kowace silinda da agogon awo. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakaninsu alamar ciwo ce.

Duk wannan bai isa ba sai an shiga ruwa. Inji marar lafiya yana iya yin ƙara mai daɗi in ba ya jan komai. A loda buhuna, ba mutane ba, a fuskanci igiyar ruwa, a yi tafiyar rabin awa ko fiye. A sa giyar gaba da ta baya sau da yawa a ji ko tana shiga ba gardama, ko tana zamewa. A dawo a sake duba baƙin mai, a leƙa ƙarƙashin inji a ga abin da ya ɗiga. Mai sayarwar da ya ƙi gwajin ruwa ya riga ya ba ka amsa.

Kada girman inji ya ruɗe ka. Jirgin katako mai ɗaukar kaya yana da iyakar gudun da tsawonsa ya ba shi. In ka ninka ƙarfin inji, mai kawai za ka ƙara ƙonawa, bayan jirgi ya nutse, katakai su sha wahala.

Lissafi

Kuɗaɗen da ke ƙasa misali ne kawai don koyon lissafi, ku sa farashin kasuwarku na yau a madadinsu. A ce ga inji biyu. Na farko naira 600,000, amma yana son ringi da gaskit da nozul na 150,000. Na biyu 800,000, ba ya son komai babba. Kowannensu za a sa masa roba da tiyo da matata da baƙin mai na 50,000, a ɗauko a girka a kan 100,000, dillali ya karɓi la'ada 20,000. Na farko ya tashi 920,000, na biyu 970,000. Ratar da ta fara a 200,000 ta koma 50,000. To a ce na farkon ya yi kwana 14 yana jiran kaya daga Kano a tsakiyar cikar ruwa, alhali jirgi yana kawo 15,000 a rana. An yi asarar 210,000. Mai arahar ya zama 1,130,000. Ba mu ma sa man da zai riƙa sha fiye da ɗan'uwansa ba. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Wannan ya sa lokacin sayen inji shi ne rani, sa'ad da ba ka cikin matsi, kuma akwai sararin gyara kafin ruwa ya zo.

Ba kowane aibi ne ke hana ciniki ba. Roba, tiyo, fambel, batir, fulogi, kafireto mai datti, har nozul, duk abin ragin kuɗi ne. Amma bilok da ya tsage aka yi masa walda, ruwa a cikin baƙin mai wanda ba a san mafarinsa ba, bugun ƙasa, injin da ya nutse aka bar shi, da wanda aka goge lambarsa, waɗannan a bar su. Na ƙarshen nan yana iya zama na sata, ya kai ka gaban hukuma.

In an daidaita, a rubuta. Sunan mai sayarwa da mai saye, irin injin, lambarsa, kuɗin, ranar, aibin da aka bayyana, da shaidu biyu. Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu ya ba mai saye damar mayar da haja in ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa, ya kuma halatta a yi sharaɗin 'yan kwanaki na gwaji. Ku yi amfani da wannan dama, a rubuta kwanakin a takarda. Ranar da kuka zama masu sayarwa kuma, ku faɗi aibin da bakinku, domin wanda ya saya mutane zai ɗauka.

Ko inji ya kai lafiya, gora da filafili da igiya da abin kwarfar ruwa ba sa barin jirgi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja, ta hana lodin wuce kima da tafiyar dare. Inji yana sa mai jirgi ya ji kamar zai iya ƙara mutum goma. Jirgin kuwa bai ƙara girma ba.

Aiki

1. Me ya sa ba a tayar da injin jirgi a tudu? Bayyana da kalmominka.
2. Jarka mai lita 10 ta fetur, mililita nawa na man gauri za ta ci a ma'aunin 50 da 1? Mai lita 25 fa?
3. Ka zo gwaji da asuba ka tarar injin da ɗumi, baƙin mansa sabo. Me za ka ce wa mai shi, kuma me za ka yi?
4. Inji yana shan lita 2 fiye da wani a kowace rana. Lita nawa kenan a kwana 90? Nawa ne kuɗinsu a farashin yau?
5. Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya ziyarci mai jirgi, ko mai injin niƙa, ko mai injin ban ruwa, ya nemi izini ya duba baƙin mai da hayaƙi da matatar iska, ya rubuto abin da ya gani.
6. Rubuta takardar cinikin inji tsakanin mutum biyu, da sharaɗin gwajin kwana uku, ka kawo aji mako mai zuwa.